Kunkuru da Gonar Diragon

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, muna saurare.

Kunkuru da Zomo da Kurege suka haɗa jari, suka dasa wani baƙon ɗan itace mai ƙaya, wai shi diragon. Shekara ta zagayo, ko fure babu.

Zomo ya ce, "Ƙaya muka dasa. Na haƙura."

Kurege ya ce, "Ni ma na yi gaba."

Kunkuru ya ce, "'Yan'uwa, ku ƙara haƙuri." Ba wanda ya waiwayo.

Shi kaɗai ya yi ta ban ruwa, har gona ta yi jajur da 'ya'ya. Ya tsinko, ya kasa uku, ya aiki Hasbiya kiransu. Ta dawo ta ce sun yi ƙaura tuntuni.

Ya zauna ya ci nasa a hankali, ƙudaje na bin sauran kashi biyun.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, nan ta tsaya.