Jinin Hajo da Marainiyar da Ta Bari

Ku saurara, ku yanke mini hukunci, ni dai ya fi ƙarfina.

A wani gari an yi wata mata, Hajo, wadda in ta yanke jininta ba ya tsayawa. Ciwon nan maza ya fi kamawa, shi ya ɗauke wani ƙanenta ranar kaciya. Mijinta ya rasu ya bar ta da tsohon ciki, sai 'yan'uwanta uku: Kubura, Barmo da Ɗanlami.

Kubura, babbar, ilimin gadon halitta ta karanta. Ta ɗebi jinin ƙanwarta ta yi ta bincike har ta gano. Ta ce, "Kowace mace tana da zaren gado biyu da ake kira X, na uwa da na uba. Tun tana cikin uwa, jiki ke naɗe ɗaya tamau a kan wasu ƙwayoyi da ake kira histon, ya sa musu alama, zaren ya yi shiru. Mata da yawa raba-daidai ake yi musu. Ke kuwa zarenki ɗaya na ɗauke da ciwon, mai lafiyar kuma shi aka naɗe kusan ko'ina."

Hajo ta ce, "To Yaya, ki warware shi mana."

Kubura ta sunkuyar da kai, don ta san ba wanda ya iya. Amma ita ta gaya wa likitoci maganin da za a nema.

Naƙuda ta zo kafin lokaci, ga ruwan kogi ya cinye gadar zuwa birni. Barmo direba ya ajiye motarsa, ya ratsa kogi ruwa har wuya, maganin a bisa kansa, ya iso da shi daga birni.

Ɗanlami kuwa ya miƙa hannu aka ɗebi jininsa don a sa wa Hajo, ya nace aka ƙara, har ya faɗi sumamme.

Da haka Hajo ta jure aka fito da jaririya da rai. Ta dube ta, ta ce, "Ku riƙe mini ita." Ba ta ambaci kowa ba ta cika.

Kubura ta rungumi jaririyar, ta kasa ko kuka, don tana tsoron wane zare yarinyar ta gada. Barmo ya ce shi zai riƙe ta. Ɗanlami ya ce jininsa ne ya fanshe ta. Kubura ta ce ita kaɗai za ta gane ciwon in ya taso.

To jama'a, a hannun wa za a sa marainiyar nan?