Manomin da Ya Gaji da Cewa "Da Sauƙi"

Akwai wani manomi wanda ciwo ya kama shi a ciki. Sau uku ana kai shi asibiti. A na ukun likita ya ce wa 'ya'yansa, "Ku kai Baba gida. Ciwon ya wuce warkewa, amma ga maganin rage zafi, kada ya yanke." Sai 'ya'yan suka haɗa baki kada a gaya masa. Shi kuwa, mutumin da ya shekara hamsin yana gane hatsin da ya isa girbi, ai ya san jikinsa.

Kullum gidan cike yake da masu dubiya. Kowa ya shigo sai ya ce, "Sannu, yaya jiki?" Shi kuma ya ce, "Da sauƙi," gama haka muka tashi muka tarar, ko da mutum da ƙyar yake numfashi. In ya fara cewa, "Idan na tafi," sai a katse shi: "Haba Baba, daina! Da kai za a yi girbin bana." Sai ya juya fuska bango, cike da baƙin ciki. Shekara tara ke nan ba ya magana da ƙanensa saboda iyakar gona, yana kuwa tsoron ya mutu ba su shirya ba. Amma ina bakin cewa a kira shi, tun da kowa ya ce warkewa yake yi?

Ran nan wata tsohuwa daga ƙungiyar zumuntar mata ta cocinsu ta zo. Ta ba shi maganinsa, ta jiƙa masa leɓe da ruwa, ta tambaye shi jiki. Ya ce, "Da sauƙi." Maimakon ta tashi, sai ta gyara zama. Ta ce, "Wannan na gaisuwa ne, na karɓa. Yanzu gaya mini na gaskiya."

Hawaye suka zubo masa. Ya ce, "'Yar'uwa, tafiya zan yi. A kira mini ƙanena."

Washegari ƙanen ya zo. Manomin ya ce, "Ka gafarta mini." Ƙanen ya durƙusa ya ce, "Yaya, ai ni ya kamata in roƙa." Sa'an nan manomin ya sa wa 'ya'yansa albarka ɗaya bayan ɗaya, suka yi kukansu a gabansa, ba a bayan ɗaki ba. Bayan kwana shida ya yi barci cikin Ubangiji, hankalinsa kwance.

Ma'anar wannan misali ita ce, ƙarewar magani ba ƙarewar jinya ba ce. 'Ya'yan nan su ne mu, masu ɓoye gaskiya saboda ƙauna, har mu bar mai ciwo shi kaɗai da damuwarsa. Yi wa mutum addu'ar warkewa abu ne mai kyau. Amma wanda Ubangiji yake kira gida yana bukatar a rage masa zafi, a saurare shi, a bar shi ya yi sallama. In kana da irinsa a gida, ka shiga wurinsa yau. In ya ce, "Idan na tafi," ka riƙe hannunsa, ka bar shi ya ƙarasa.