Inna Kuluwa da Bijimin Maƙwabci

A Funtuwa an yi wata mai daddawa, Inna Kuluwa, wadda ta yi wa gidanta inshorar gobara. Manaja Sallau na kamfanin inshorar ya lallaɓe ta ta ƙara kuɗi, wai har ɓarnar dabba za su biya.

Ran nan bijimin maƙwabcinta ya yi susa a katangarta, katanga ta zube. Ta tafi ofishin inshora neman diyya.

Manaja ya ce, "Inna, ai doka ta ce a sanar da mu kwana uku kafin dabba ta yi ɓarna."

"Kafin, ɗan nan?"

"Kafin. Haka yake a takarda."

Washegari ta ɗauko hayar bijimin, ta ɗaure shi dab da sabuwar motar manaja a ƙofar ofis. Manaja ya fito a guje.

"Inna, kwance shi! Zai lotsa mini mota!"

"Yaushe?"

"Yaushe me?"

"Yaushe zai lotsa ta? Ka sanar da ni kwana uku kafin, in zo in kwance shi."

"Haba Inna! Wa ya san ranar da ƙaiƙayi zai kama sa, in ba Allah ba?"

Inna ta juya ga masu jiran layi. "Jama'a, kun ji da kunnenku ko? Shi mai boko bai sani ba, sai ni mai daddawa."

Bijimi ya fara shinshina ƙofar mota. Manaja ya ɗora takardar biyan diyya a cinyarsa ya sa hannu, yana cewa, "Katanga nawa ce ma, Inna?"

"Jiya ɗaya ce. Yau har da kuɗin hayar bijimi."