Ƙadangaren Rumfar Faci

"Na rantse, ranka ya daɗe, ba za ka yarda ba," in ji Cindo, shaƙiyyin nan da ya bar makaranta a aji huɗu, wai don ya fi malaman sani.

Mai unguwa Barmo ya ajiye dorina. Ga yara biyar a durƙushe da aka kama suna shaƙar sholisho, za a zane su a bainar jama'a. Cindo kuwa ya ƙudurta ba za a taɓa su ba.

Ya ce, "Ƙadangaren da ke bangon rumfar Tanimu mai faci ne ya ba ni labari. Ya ce a wani gari dagaci ya yi ta dukan irin waɗannan yara, sai suka koma kango inda ba mai ganinsu. Wata tsohuwa, Inna Tabawa, ta zo ta ce, 'Dagaci, saurari labarin akuyata. Kullum sai ta cinye mini tsaba. Na doke ta, ta koyi jiran in juya baya. Da na gaji, na rataye tsabar a sama, na zuba mata harawa. Yau ga ta da 'ya'ya uku. Kai me ka rataye, me ka zuba?' Dagaci ya ji kunya. Masu faci suka daina sayar wa yaro sholisho ko ya ce babansa ya aiko shi, iyaye suka kai masu jin jiki asibiti, aka share musu filin ƙwallo."

"Ƙadangare ne ya faɗi duk wannan?"

"Har da ƙari! Ya ce wani haziƙi, kyakkyawa, dogo kamar ni, ya juye gwangwanayen mai faci ya ɗura miyar kuɓewa. Yara suka yi ta shaƙa, sai yunwa!"

Tanimu, da ke cikin taron, ya zabura. "Wallahi na ce sholishon nan yauƙi yake!"

Mai unguwa ya dubi Cindo. "Ashe kai ka sa na turo kekena tun daga kasuwa, faci uku duk sun ɓalle?"

"Ranka ya daɗe, ƙadangaren..."

"Na karɓi maganar akuya, ba za a doki kowa ba. Tanimu, ka rataye tsabarka. Harawar kuwa kai ne, Cindo: kullum da la'asar kai da yaran nan a filin ƙwallo. Amma fara ɗaukar keken nan a ka, ka kai rumfa."

Yaran suka bi shi suna ihu, "Miyar kuɓewa!"