Gurasar Bushiya da Tanderun Gafiya

An yi wata Bushiya da wata Gafiya da suke maƙwabtaka a bakin wata fadama. Bushiya ba ta da gaggawa, komai nata a hankali take yin sa. Gafiya kuwa ga girman kai ga haɗama, in ta ga abu a hannun wani sai ta ji kamar nata aka ɗauka. Gaba da su kaɗan akwai gidan wata tsohuwar Zabuwa, wadda ba ta iya ɓoye abin da ke bakinta. Ita ce mai lambun da ya fi na kowa kusa da ruwa.

Da kaka ta yi, aka gama yankan dawa, safiya ta fara sanyi, sai Zabuwa ta kira su biyun.

Ta ce, "Ƙafafuna sun gaji da ban ruwa. Lambun nan zan bar wa ɗayarku. Nan da kwana bakwai zan zo gidan kowacce, in ga yadda ta shirya wa sanyi, in kuma ci gurasar da ta gasa da hannunta. Wadda ta gamsar da ni, lambu nata ne."

Gafiya ta kwashe da dariya ta ce, "Inna, da kin hutar da kanki kin ba ni tun yanzu. Wannan 'yar ƙayar, hannun nata ma guda nawa yake?"

Bushiya ta ce, "Ƙarami ne, Yaya, amma ya san aiki."

Bushiya na son lambun nan ƙwarai, domin nata ɗan lambun a kan tudu yake. Kowane rani sai bayanta ya ƙage da jigilar ruwa, kuma rabin shukar ta bushe.

Washegari ta kwaɓa laka ta gina ɗan ƙaramin tanderu, ta bar shi ya sha iska. Kafin ya bushe ta liƙe tsagar bangon ɗakinta, ta ƙara wa jinka ciyawa, ta kafa dangar kara ta gefen da iska ke bugowa. Irin albasa da na tumatir kuwa ta lulluɓe su da busasshiyar ciyawa.

Ita Gafiya ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Kwana biyar ta yi tana kwashe itacen dajin kaf, tana jibgewa a ƙofar gidanta, don kada Bushiya ta sami na hura wuta.

Da Bushiya ta shiga daji ba ta sami ko tsinke ba, sai ta je ta sami Gafiya.

"Yaya, yaushe daji ya zama gadonki?"

"Tun ranar da na fi ki sammako," in ji Gafiya.

"Ɗan dami ɗaya ma ya ishe ni."

"Ki hura da ƙayar bayanki mana, ai tana da yawa."

Ran Bushiya ya ɓaci, amma ba ta tsaya cacar baki ba. Ta ɗauki kwando ta bi gonakin da aka girbe, ta tsinci totuwar masara da guntayen kara har ta yi sawu huɗu.

Sai a rana ta shida Gafiya ta tuna da tanderu. Ta gina wani ƙato wanda ya fi ta tsawo, ta tsaya tana kallonsa tana shafa gashin baki.

Bushiya ta leƙo ta ce, "Lakar nan ba za ta bushe kafin gobe ba. In kika sa mata wuta haka, tsagewa za ta yi."

Gafiya ta ce, "Baƙin ciki ne ke damunki, don naki bai wuce tukunyar miya ba."

Da gari ya waye kowacce ta hura wuta. Ɗanyen tanderun Gafiya ya dinga cin itace yana fitar da hayaƙi, amma ya ƙi ɗaukar zafi. Tulin itacen nan ya ƙare tas. Ta tumɓuke dangar lambunta ta cusa. Ita ma ta ƙare. Ta hau ɗakinta ta yaye jinka ta ƙara. Da ƙyar gefe ɗaya ya yi zafi, sai ta ɗauko kwaɓi mai faɗin faifai ta manna.

Ba a jima ba aka ji ƙara. Tanderu ya rabe gida biyu, gurasar ta faɗa cikin toka.

A daidai lokacin Zabuwa ta iso tana dogara sanda. Ta dubi ɗaki ba rufi, ta dubi lambu ba danga, awaki har sun fara shiga. Ta tsaga abin da Gafiya ta zaro daga toka, waje baƙi ƙirin, ciki ɗanye.

Ta ce, "Na ce ki shirya wa sanyi, ke kuma kin buɗe masa ƙofa kin yi masa shimfiɗa. Wadda ta ƙone dangarta, tawa za ta bari?"

Tun kafin ta kai gidan Bushiya ƙamshi ya tare ta a hanya. Ta tarar da gurasa goma sha biyu jere a kan faifai, kowacce ta tashi ta yi ja. Bushiya ta yayyafa wa ɗaya man gyaɗa, ta barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yankakkiyar albasa, ta miƙa mata da hannu biyu. Zabuwa ta cinye, ta miƙa hannu ta ɗauki ta biyu. Sannan ta shiga ɗaki ta ji ɗumi, ta zaga lambu ta ɗaga ciyawa ta ga iri kore shar.

Ta fito ƙofar gida ta ɗaga murya yadda duk fadamar za ta ji: "Ku zama shaida, daga yau lambun bakin ruwa na Bushiya ne."

Maƙwabta suka fito ana guɗa. Bushiya ta rasa inda za ta sa kanta don murna, ta dunƙule ta mirgina sau uku a tsakar gida, sannan ta tashi ta raba wa kowa gurasa.

Bayan kwana biyu sanyi ya sauka sosai. Da hantsi Gafiya ta zo tana rawar ɗari, ta tsaya daga nesa, kunya ta hana ta sallama.

Bushiya ta ce, "Matso kusa da tanderu, Yaya. In kin ji ɗumi kin ci, sai mu je yankan ciyawa. Ɗakin nan naki ba zai rufe kansa ba."

A ranin nan albasar Bushiya ta cika buhu shida, tumatir kuwa har sai da ta yanka ta shanya.

Darasin wannan labari shi ne, yara, aikin da aka yi kan lokacinsa, ko ƙarami ne, ya fi babban da aka yi don a gani. Wanda kuma ya ɓata kwanakinsa wajen tare wa wani hanya, ranar da aka zo duba gidansa za a tarar bai gyara komai ba.