Wilin Ƙarfe a Rumfar Nomau

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, tun zamanin da kwalta ke ƙarewa a bakin kasuwa. Daga nan sai rairayi, sai duwatsu, sai rafi uku marasa gada, kafin a kai ƙauyukan bayan tsauni. Sunansa Nomau. Sana'arsa faci da sayar da tayoyi, rumfarsa ce ta ƙarshe kafin mota ta sauka daga kwalta.

Ku saurara da kyau. Labarin nan babu sarki a cikinsa, babu attajiri. Taya ce kawai da wili, wato ƙarfen nan da ake ɗaura taya a kansa.

Nomau ya manyanta. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu mata aure ya kai su nesa. Abokan sana'a kuwa sun daɗe da janye jiki daga gare shi. A lokacin akwai wata dabara da masu taya ke yi: su samo tayar da ta suɗe, su ɗora wuƙa a wuta, su sassaƙa mata sabon zane, su shafe ta da baƙin mai har ta riƙa ƙyalli. Nomau ba ya yi. Da a nan ya tsaya, da da sauƙi. Amma in direba ya gangaro da taya ya ce, "Baba, duba min wannan," sai ya zura farce cikin zanen ya ce, "Aikin wuƙa ne." To, kun ji abin da ya raba shi da mutane. Ba wanda ya zage shi. Sai dai in ana suna ba a aiko masa da goro, in an zauna cin abinci ba mai ce masa bismilla.

Mutum ɗaya ya rage masa, Sallau direba, sa'ansa tun suna yara. Kullum bayan azahar Sallau zai zo, ya zauna kan wani tsohon wilin ƙarfe da aka ɗora wa buhu, Nomau ya dama fura, ƙwarya ɗaya ludayi biyu. Wilin nan ba mai zama a kai sai shi.

"Sarkin Faci, yau ma ka kori masu saye?"

"Direban motar mutane, yau ma an sallame ka?"

Su yi dariya, su sha fura. Ku riƙe wannan: a duk wunin Nomau, sa'ar nan ce kaɗai yake jin muryar da ba ciniki ya kawo ta ba.

Shekara talatin Sallau yana tuƙa motocin wasu. Rannan Allah ya buɗa masa, ya mallaki tasa, a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu, ya ce zai riƙa kai mutane da kaya ƙauyukan bayan tsauni ranar kasuwa. Nomau ya yi murna har ya zagaye motar sau biyu yana shafa ta.

Bayan kwana kaɗan sai ga Sallau ya dawo daga birni, bayan motar ɗauke da wili huɗu na alminiyam, manya, masu faɗi, suna walƙiya kamar kwanon amarya, da tayoyi sirara waɗanda tsayin robarsu bai wuce yatsu uku ba.

"Sarkin Faci, tashi ka ɗaura min. Ina so in na shigo tasha kowa ya san Sallau ya daina zama yaron wani."

Nomau ya tsuguna. Ya ƙwanƙwasa wilin da sifana, ya saurara. Ya matsa gefen tayar da babban yatsa. Ya daɗe a tsugune, ba don bai gane ba, tun ƙwanƙwasar farko ya gane. Yana tunani ne. Ya san abokinsa, mutum ne mai zuciya, in an taɓa masa abin da yake alfahari da shi ba ya mantawa. In ya yi shiru ya ɗaura, aikin sa'a guda ne, gobe a sha fura. In ya yi magana... ya waiwaya ya dubi wilin nan mai buhu a kai.

Sannan ya tuna su waye za su hau bayan motar: mata da goyo, tsofaffi da awakinsu.

Ya ce, "Sallau, wannan takalmin birni ne. Kwalta aka yi wa shi. Hanyarka rairayi ce, in ka shiga sai ka rage iska tayar ta baje ta hau yashi. Wannan wace iska za ka rage? Robar ba ta da ciki. Ga duwatsun rafi na biyu. Wilin ƙarfe in ya bugi dutse lanƙwashewa yake yi, ka sa guduma ka miƙe shi ka wuce. Alminiyam tsagewa yake yi, kuma in ya tsage ya gama. Mai da su. Ƙaramin wili na ƙarfe kake so, da taya mai kauri, mai manyan haƙora."

Fuskar Sallau ta canja. "Ai mai shagon ya ce min irin su manyan mutane ke sawa."

"Manyan mutane ba sa tsallaka rafi da buhun albasa ashirin. Ina tsofaffin naka?"

"Musanya muka yi. Waɗannan huɗun da ke ƙafarta ma jibi zan kai masa."

"Har ta ko-ta-kwana?"

"Ita ya fara karɓa. Sabuwar taya me za ta yi da ko-ta-kwana? Kai dai ɗaura."

"Hannuna ba zai ɗaura su ba."

Jama'a, ku ji abin da Sallau ya ce, don irinta ce muke faɗa duk ranar da aka gaya mana gaskiya. Ya ce, "Ashe abin da ake faɗa a kanka haka ne. Ba ka iya ganin abin kirki a hannun wani. Shekara talatin ina wahala, yau na samu, baƙin ciki ya hana ka ce min barka. Shi ya sa kake zaune kai kaɗai kamar kabari." Ya tada mota ya tsallaka layi, a can aka ɗaura masa ana ta yaba ƙyallin.

Furar ranar, kaji suka sha.

Nomau bai bi shi da ban haƙuri ba, don bai san abin da zai janye ba. Abin da ya yi shi ne, ya ɗage buhun nan daga kan wilin da Sallau ke zama, ya ƙirga ramukan noti, shida, daidai da na motar. Ya kankare tsatsar, ya duba ko'ina ba tsaga. Ya shiga ciki ya fito da taya mafi kyau da yake da ita, mai kauri, mai haƙora kamar na kada, ya ɗaura, ya ba ta iska. Ranar kasuwa da hantsi ya tura ta a baro har tasha, ya samu Sallau ya tafi karin kumallo, ya ce wa masu lodi su sa ta ƙarƙashin buhuna. Suka ce, "Mu ce wa ya kawo?" Ya ce, "Zai gane ta. Ya daɗe yana zama a kanta."

Ya koma rumfa. Inda wilin yake, zobe ne kawai ya rage a ƙasa.

Sati ya wuce, wata ya wuce. Motar Sallau takan wuce ta gaban rumfar, ba oda, ba ɗaga hannu. Nomau yakan dama fura bayan azahar, hannunsa ya ɗauko ludayi biyu da kansa, sai ya tuna ya mai da ɗaya.

Ana cikin damina, wata safiya wani direba ya tsaya ya gangaro masa da taya, ya ce, "An ce in ajiye maka," ya wuce. Wilin nan ne. Nomau bai yi boko ba, kamar ni, amma ƙarfe yana karanta shi kamar wasiƙa. Ga jar lakar rafi na biyu a cikin haƙoran. Ga inda leɓen wilin ya bugi dutse ya lanƙwashe, ga sawun guduma inda aka miƙe shi. Ga ramukan noti sun yi haske, alamar ta yi tafiya mai nisa da kaya. Ya gane komai: alminiyam ya tsage a daji, wannan ce ta fid da su. Ya ce, "Alhamdu lillahi, sun isa gida." Ya cire tayar, ya mai da wilin kan zobensa, ya ɗora buhun, ya kakkaɓe shi.

Ya jira. Sallau bai zo ba. Ba ƙiyayya ba ce yanzu, kunya ce. Yana cewa gobe zan je, in an gama girbi zan je, in na samu abin riƙewa a hannu zan je. Hanyarsa ma ya canja, yana zagayawa ta bayan kasuwa.

Damina biyu aka yi haka. Ranar wata Laraba mai kawo masa fura ta zo, ta samu rumfa a rufe. Aka je gida aka tarar Nomau ya amsa kiran Ubangijinsa. Maƙabarta na da nisa, an yi ruwa, hanyar ta zama taɓo, motar da aka fara nema ta kafe. Sai ga a-kori-kura ta zo ta tsaya. Sallau ya fito, ya buɗe bayan motar. Masu ɗora makara suka lura da ƙafafun motar: wilin ƙarfe huɗu, baƙaƙe, marasa kyan gani, da tayoyi masu kauri, ga ta biyar ɗaure a baya. Ta ratsa taɓon nan ba ta ko yi tangaɗi ba.

Da aka dawo, aka ga Sallau zaune shi kaɗai a ƙofar rumfar, kan wilin nan mai buhu, har la'asar.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Gaskiya tana da tsada, kuma ba kullum ake biyan mai ita yana raye ba. Nomau ya gwammace ya rasa abokin hirarsa ɗaya tilo da ya bar shi ya shiga daji da mutane kan abin da zai tsage, bai kuma bar alheri don an gaya masa baƙar magana ba. Kai mai shago, kai makaniki, ke mai awo: in kun san abu ba zai kai mutum gida ba, ku faɗa masa, ko zai daina gaishe ku.

Ɗaya rabin kuma namu ne duka. Kowane ɗayanku akwai wanda ya taɓa gaya masa gaskiya ya ji zafi, daga baya ta tabbata, har yau yana zagaye ƙofarsa. Kada ku jira girbi. Ku tashi daga nan ku je, ko ba ku da abin faɗa, ku yi sallama ku zauna. Wataƙila har yanzu yana ɗauko ludayi biyu.

Allah ya sa mu isa kafin a rufe rumfar.