Malam Ƙwalisa Da Ɗaliban Aro

Akwai wani malamin labarin ƙasa a wata sakandaren gwamnati, ana ce masa Malam Ƙwalisa saboda guga da turare. A faɗarsa, tun da aka kafa duniya ba a taɓa zaluntar ɗan Adam kamar yadda yara suka zalunce shi ba.

Ga yadda abin ya faru.

An sanar cewa mai duba aikin malamai za ta zo ta zauna a kowane aji, kuma da rahotonta za a zaɓi shugaban sashe. Kujerar nan kuwa Malam ya daɗe yana gwada zamanta a ransa.

Matsalar ita ce ajinsa. Tun farkon zango rubutu kawai yake zuba musu a allo, ya koma gindin bishiya hira.

Da safiyar ranar ya leƙa ajin maƙwabciyarsa, wata malama mai haƙuri da suke koyar da darasi ɗaya.

"Ƙanwata, cunkoson nan zai ja miki magana. Bari in rage miki 'yan layin gaba, yau kaɗai."

"Yaya, su fa ba sa zama shiru."

"Bar ni da su."

Ya kwashe haziƙanta, ya jera su gaban ajinsa.

Mai dubawa ta shigo ta zauna a baya. Duk tambayar da Malam ya jefa, kafin ya rufe baki an cafe. Ya gyara wuyan riga, ya ce don burgewa, "Akwai mai tambaya?"

A ajinsa ba a taɓa ɗaga hannu don tambaya ba. Yau hannuwa suka tashi.

Wata yarinya ta miƙe. "Malam, koguna ne ke zuba cikin teku. Me ya sa teku ke da gishiri, su babu?"

"Ikon Allah ne, 'yata."

"Haka Malamarmu ta ce jiya. Amma ta ce akwai bayani, yau za ta yi mana."

Mai dubawa ta ɗago kai. "Wace Malamar taku?"

Yara suka nuna bango gaba ɗaya.

Aka ba malamar kujerar. Shi kuma aka ce ya riƙa zama ajinta yana koyon aiki.

A gida ya yi ta faɗa. "Yaran zamani ba kunya! Su tozarta babba gaban baƙuwa!"

Uwargidansa na ninke kaya ta ce, "Wai wane mugun ne ya turo maka su?"

Ya sosa ƙeya.

"Ni na je na ɗauko su. Har zaɓe na yi."

Darasi: Ranar duba aiki ba ta gyara abin da aka yi wa sakaci tun farkon zango. Wanda ya ari wahalar wani don a yabe shi, ita za ta tona shi. Ku tura wa malaman da kuka sani.